Haya Babu Takarda da Rigimar Dabbar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Rigimar haya ba ta cika tashi ranar shiga gida ba. Ranar nan kowa fuskarsa a sake take: an daidaita kan kuɗi, an miƙa makulli, an ce takarda sai an natsu. Sai bayan wata shida ko shekara, ranar da mai gida ya leƙo ya ga kyanwa a kan taga ko ya ji haushin kare, kowa ya fara tuno abin da aka faɗa, kuma da wuya maganar mutum biyun ta zo ɗaya. Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga birni zuwa birni, shi ya sa duk inda aka kawo doka a nan an ambaci wurin da take aiki.

Ban sa hannu a kan komai ba. Shin doka ta san da zamana a matsayin ɗan haya?

Ta sani. Yarjejeniya tana ƙulluwa ne da amincewar ɓangarori biyu: mai gida ya ba ka wuri, kai ka ba shi kuɗi, ya karɓa. Takarda shaida ce kawai a kan abin da aka riga aka ƙulla. A mafi yawan ƙasashe, mutumin da ke biya duk wata ba tare da an yanke ranar tashi ba, kotu tana ɗaukarsa mai hayar wata-wata, wadda ke sabunta kanta duk sanda aka biya aka karɓa. Mai biya duk mako kuma hayarsa ta mako-mako ce.

Saboda haka haƙƙin da doka ta ba kowane ɗan haya kai ma naka ne: a gyara maka abin da ya lalace wanda gyaransa ke wuyan mai gida, kada a faɗo maka ɗaki babu sanarwa, a ba ka notis kafin a ce ka tashi. A Faransa, dokar 6 ga Yuli 1989 ta ce a rubuta yarjejeniyar haya, amma duk da haka kotunan ƙasar suna amincewa da hayar baka, ɗan hayar kuma yana samun kariyar wannan dokar.

Raunin yana wani wuri. Hayar wata-wata ita ce mafi sauƙin yankewa da kuma sauya wa sharuɗɗa a ƙasashe da dama. Ka riƙe wannan, domin kusan duk amsar da za ta biyo baya tana komawa kansa.

Akwai hayar da dole sai an rubuta ta?

Akwai, kuma tsawon lokaci ne ma'auninta. Tun 1677 Ingila ta yi dokar da ta ce hayar da ta wuce shekara 3 sai a rubuce, dokar filaye ta 1925 kuma ta bar wannan iyaka yadda take. A yawancin jihohin Amurka iyakar shekara 1 ce. A Jamus, idan aka yi hayar gida ta fiye da shekara 1 ba a rubuta ba, hayar ba ta rushe, sai dai a ɗauke ta a matsayin wadda ba a yanke mata wa'adi ba. Idan mai gida ya ce maka da baki "ka zauna shekara 5, ba wanda zai taɓa ka", alkawarin shekara 5 ɗin ne zai yi wuyar tsayawa a kotu. Zamanka na ɗan haya yana nan.

Da me zan kafa hujja tunda babu takarda?

Da duk abin da zaman ya bari a baya. Mafi ƙarfi shi ne shaidar biyan kuɗi. Idan ta banki kake turawa, ka riƙa rubuta "kuɗin hayar watan kaza" a gurbin bayani, ka ajiye shaidar. Idan hannu da hannu kake bayarwa, kada ka bar wurin ba rasit mai kwanan wata da adadin kuɗi da sa hannun wanda ya karɓa. Mutane suna jin nauyin neman rasit a hannun dattijo ko abokin arziki, kuma wannan kunyar ta jefa 'yan haya da yawa cikin wahala. Neman rasit ba zargi ba ne, kuma mai gida na gari ba zai ji haushi ba.

Bayan wannan akwai saƙonnin waya, da tallar da ka gani kafin ka nemi gidan, musamman idan an rubuta a cikinta cewa ana karɓar masu dabba, da takardun wuta da ruwa masu sunanka, da dillalin da ya haɗa ku, da maƙwabcin da yake wurin ranar da aka yi magana. Saƙonnin WhatsApp ka ɗauki hotonsu ka adana a wani wuri daban, domin waya tana ɓata, kuma wanda ya aiko saƙo yana iya goge shi.

Lokacin da na shiga ba mu taɓa maganar dabba ba. Yanzu ya ga kyanwata ya ce in fitar da ita. Yana da wannan ikon?

A yau ɗin nan, a mafi yawan wurare, ba ka karya wani sharaɗi ba, tunda ba a gindaya shi ba. Sharaɗin da ba a ambata ba lokacin ƙulla yarjejeniya, ɓangare ɗaya ba zai ƙirƙiro shi rana tsaka ya ce ka saɓa masa ba. Muddin dabbar irin wadda aka saba ajiyewa ce a gida, ba ta ɓarna, ba ta damun kowa, dokar gari kuma ba ta hana ta ba, kana kan gaskiyarka.

Sai dai kada ka saki jiki. Inda doka ta bar mai gida ya sauya sharuɗɗan hayar wata-wata, zai iya kawo sabon sharaɗi ta hanyar notis. A jihar Kalifoniya ta Amurka, misali, notis a rubuce na kwana 30 ne ake bayarwa kafin a sauya sharaɗin irin wannan haya. Inda kuma doka ta yarda a sallami ɗan haya ba tare da faɗin dalili ba, ba ya ma bukatar ambaton kyanwa: notis kawai zai miƙa maka. A Jamus abin ya sha bamban, domin mai gida ba ya sallamar ɗan haya sai da dalilin da doka ta amince da shi, wa'adin notis ɗin kuma wata 3 ne, ya koma 6 bayan zaman shekara 5, ya koma 9 bayan shekara 8.

Tambayar da za ka fara nemo amsarta ke nan a inda kake zaune: shin mai gida zai iya tashina ba tare da dalili ba? Idan zai iya, sulhu ya fi maka riba a kan taƙama da cewa ba a rubuta ba.

Ya faɗa mini da bakinsa cewa ban da dabba, na ce to. Amma ai ba a rubuce yake ba.

Ka amsa, ya zama sharaɗi. Yadda alkawarinsa na baka yake ɗaure shi, haka naka yake ɗaure ka. Gaskiya ne idan aka je kotu shi ne zai sha wahalar kawo hujja, amma ba na ba kowa shawarar ya gina zamansa a kan musun abin da ya san ya faɗa. Magana zarar bunu ce. Idan bukatarka ta sauya, ka koma wurinsa ka nemi a sake magana. Abin da zai warware ka daga wannan alkawari ba tare da yardarsa ba shi ne dokar ƙasar da ta soke irin wannan sharaɗi, ko kuma bukatar naƙasa. Dukansu biyu suna tafe a ƙasa.

Ya yarda na shigo da karena, shekara biyu ke nan yana ganinsa. Yanzu ya ce bai taɓa yarda ba.

Halayyarsa ta waɗannan shekaru biyu tana yi maka shaida. Mai gidan da ya san da dabba, ya ci gaba da karɓar kuɗin haya wata bayan wata bai ce uffan ba, kotuna da dama suna ɗaukarsa ya amince ko ya yafe haƙƙinsa na ƙin yarda. Birnin New York ya mayar da wannan doka tun 1983: a ginin da ke da gidaje 3 ko fiye, idan ɗan haya ya ajiye dabba a fili na wata 3, mai gida ko ma'aikacinsa ya sani, bai shigar da ƙara ba, to sharaɗin hana dabba ya faɗi game da wannan dabbar, ko da kuwa a rubuce yake. Wannan kariya ba ta aiki idan dabbar tana ɓarna ko tana damun mazauna ginin.

Ka tattara abin da ke nuna ya sani: saƙon da ya taɓa cewa ka ɗaure kare mai gyaran famfo zai zo, hoton da aka ɗauka a tsakar gida yana ciki karen yana ciki, maƙwabtan da suka sha ganinsa yana wucewa ta gefen karen. Sannan ka tambaye shi cikin ladabi me ya sauya. Sau da yawa akwai abin da ya faru wanda ba ka sani ba, kamar sabon maƙwabci mai ƙaramin yaro da ya kai ƙorafi, ko kamfanin inshora da ya ce ba ya ɗaukar gidan da ke da wani nau'in kare. Abin da ka san dalilinsa ka fi iya gyara shi.

Da gaske akwai ƙasashen da mai gida ba shi da ikon hana dabba?

Akwai, kuma kowace da yadda ta tsara.

Faransa ce ta daɗe a kai. Dokar 9 ga Yuli 1970 ta ce duk sharaɗin da ya hana ɗan haya ajiye dabbar gida kwata-kwata, a ɗauka kamar ba a rubuta shi ba, muddin dabbar ba ta lalata gini ba ta kuma damun mazauna. Daga baya aka ware karnukan da doka ta sa a rukunin masu kai hari, waɗanda mai gida zai iya hanawa.

A lardin Ontariyo na Kanada, sashe na 14 na dokar hayar gidaje ta 2006 ya soke duk sharaɗin hana dabba. Amma mai gida yana iya ƙin ba ka gidan tun farko idan ya ji kana da dabba, yana kuma iya kai ka gaban hukumar sauraron ƙararrakin haya idan dabbar ta yi ɓarna, ko ta hana mutane sakat, ko ta tayar wa wani da rashin lafiya mai tsanani, ko kuwa irinta mai haɗari ce.

A Jamus, babbar kotun tarayya ta yanke hukunci ranar 20 ga Maris 2013 cewa sharaɗin da aka buga a takardar haya ta gama-gari mai hana kare da kyanwa gaba ɗaya ba shi da inganci. Hukuncin bai ba kowa damar kawo duk abin da ya ga dama ba. Cewa ya yi a auna kowane lamari da kansa: girman gida, irin dabbar, halin maƙwabta. Ƙananan dabbobi kamar kifin kwalba da tsuntsun keji kuwa, can ba a neman musu izini.

Wasu wurare sun bi hanyar neman izini. A jihar Biktoriya ta Ostareliya, tun 2020, ɗan haya yana cike takardar nema, mai gida kuma yana da kwana 14. In yana son ya ƙi, sai ya je kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ya kawo dalili, in ya yi shiru an ɗauka ya yarda. Ingila ma ta yi sabuwar dokar 'yan haya a 2025 wadda ta ba ɗan haya damar neman izini a rubuce, ta hana mai gida ƙin yarda ba tare da dalili mai ma'ana ba.

A sauran wurare masu yawa, ciki har da yawancin jihohin Amurka, mai gida yana da ikon cewa ba ya son dabba a gidansa.

Me ya sa masu gida suke ƙin dabba haka? Tawa ba ta da matsala.

Kowane mai dabba haka yake cewa, kuma mai gidan ya sha jin haka daga wanda ya bar masa ɓarna. Ya kamata a yi musu adalci a nan. Fitsarin kyanwa, musamman namijin da ba a fiɗiye ba, idan ya ratsa darduma ya shiga katako, wankewa ba ta fitar da warinsa, wani lokaci sai an ɓamɓare katakon an sa sabo. Karen da aka kulle shi kaɗai tun safe har dare yakan karce ƙasan ƙofa har fenti ya tashi, ya yi ta haushi, kai kana wurin aiki ba ka ji, maƙwabta ne ke kwana da ciwon kai. Ƙuma tana iya lafewa cikin darduma watanni bayan an tashi, sai sabon ɗan haya ya shigo ta farka a kansa. Abin da ke jikin kyanwa mai tayar wa wasu da asma ko borin jini shi ma yana daɗewa a ɗaki bayan an fitar da ita. Ga kuma tsoron cizo, da tambayar wa zai biya idan aka ciji ɗan maƙwabci.

Duk waɗannan suna da magani, kuma wanda ya zo da maganin a hannu ya fi samun shiga.

To yaya zan nemi izini har ya yarda?

Kada ka tsaya a kan "ina so in kawo dabba". Ka faɗi wace dabba ce, guda nawa, shekarunta, girmanta, an fiɗiye ta ko a'a. Ka nuna masa katin likitan dabbobi, musamman allurar rigakafin haukan kare. Idan ka taɓa zama da ita a wani gidan haya, ka karɓo 'yar takarda ko lambar waya daga tsohon mai gidanka. Ka gayyace shi ya gan ta da idonsa. Sannan ka ɗauki alkawarin da za ka iya cikawa: gyaran duk abin da ta lalata, wanke gida da feshin maganin ƙuma ranar tashi, kwashe kashinta kullum, ɗaure ta duk ranar da mai gyara zai shigo. In ya yi ɗari-ɗari, ka ba shi zaɓin gwaji na wata 2 ko 3.

Da zarar ya ce ya yarda, ranar nan ka tura masa saƙo, wani abu kamar haka:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Na gode da maganar da muka yi ɗazu. Yadda na fahimta, ka amince in ajiye kyanwa ɗaya a gidan da nake haya, ni kuma na ɗauki nauyin gyaran duk abin da ta lalata, da wanke gidan idan zan tashi. Idan haka ne, don Allah ka amsa mini a nan."

Ko "Haka ne" kawai ya rubuto, ka sami abin riƙewa. Idan ta hannun wakili ko dillali kuke magana, ka tabbata amsar daga mai gidan ta fito, ko kuma wakilin ya rubuta cewa da yawunsa yake magana.

In ɓoye ta mana, ai ba kullum yake zuwa ba?

Kada ka yi. Dabba ba ta ɓoyuwa. Rana ɗaya bututu zai fashe, mai gyara ya shigo ya ga kwanon abinci a bayan ƙofa da gashi a kan kujera, ko kyanwar ta hau taga daidai lokacin da mai gidan yake wucewa. Daga ranar maganar ta tashi daga dabba ta koma amana, kuma mutumin da a da zai iya sassauta maka yanzu ba zai ƙara yarda da kalmarka ba, har a kan abin da bai shafi dabba ba. Ɓoyon yana kuma zubar maka da hujja: dokar New York da aka ambata a sama tana kare wanda ya ajiye dabbarsa a fili ne, ba ta san mai ɓoyo ba.

Ita kanta dabbar tana shan wahala. Karen da ba a fita da shi sai tsakar dare, kyanwar da ake cusawa cikin kwali duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa, wannan ba riƙo ba ne.

Ya ce ya yarda, amma sai na ƙara kuɗin ajiya. Ya halatta?

Ya danganta da wurin. A Ingila, dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya gaba ɗaya ga kuɗin hayar mako 5 idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole mai gida ya sa kuɗin a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ba zai ɗora wani kuɗin ajiya na dabba ya haura wannan iyaka ba. A Jamus iyakar kuɗin hayar wata 3 ce, a Faransa wata 1 ga gidan da babu kayan ɗaki. A Ontariyo ba a karɓar kuɗin ajiya na ɓarna ko kaɗan, sai kuɗin hayar watan ƙarshe kawai. A yawancin jihohin Amurka kuwa an saba karɓar kuɗin ajiya na dabba, wasu har da ƙarin kuɗi duk wata.

Inda ya halatta, ka tambayi abu ɗaya kafin ka biya: wannan kuɗi ajiya ce da za a mayar mini idan ba a yi ɓarna ba, ko kuwa ya tafi ke nan? A rubuta amsar a jikin rasit. Sannan tun kafin dabbar ta shigo ka bi gidan da waya kana ɗaukar hoto: ƙasan kowace ƙofa, kusurwar darduma, ragar taga, gindin bango. Ka tura wa mai gidan hotunan don kwanan watan ya zauna. Ranar tashi, duk tsohon karcen da babu hotonsa a kan dabbarka za a ɗora shi.

Ni makauniya ce, kare ne yake yi mini jagora. Sharaɗin hana dabba ya shafe ni?

A ƙasashe da yawa bai shafe ki ba, domin doka ba ta lissafa karen jagora cikin dabbobin sha'awa. A Amurka, dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1988 ta haɗa da masu naƙasa, ta wajabta wa mai gida ya sassauta ƙa'idarsa gwargwadon hankali don mai naƙasa ya iya zama a gidan, kuma dabbar taimako tana cikin wannan. Ba a karɓar kuɗin dabba a kanta, sai dai idan ta yi ɓarna ke za ki biya gyara. Sai dai dokar ba ta shafi wasu gidaje ba, kamar ginin da bai wuce gidaje 4 ba wanda mai shi yake zaune a ciki. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ce ke ba da irin wannan kariya. Rashin takardar haya bai rage miki komai a nan ba. Ki rubuta masa bukatarki, ki haɗa da shaidar likita ko ta cibiyar da ta horar da karen.

Masu lafiya da ke sayen takardar bogi a intanet don dabbarsu ta shiga wannan rukuni, su sani cewa irin wannan mai tambaya suke cuta, domin su ne suka sa masu gida suke zargin kowa.

Ya ce in ban fitar da karen cikin kwana uku ba zai canza makulli ya watso kayana waje.

Kusan ko'ina doka ta hana wannan, da takarda ko babu. Hanyar tashin ɗan haya ita ce notis mai cikakken wa'adi, sannan ƙara a kotu, sannan jami'in kotu ya aiwatar da hukunci. Canza makulli, yanke wuta ko ruwa, cire ƙofa, kwashe kaya, ko kama dabbar a tafi da ita, duk ɗaukar doka a hannu ne. A Ingila, dokar 1977 ta mayar da korar ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba da kuma tsangwamarsa laifin da ake hukunta mutum a kai. A Faransa hukuncin ya kai ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 30,000, kuma ko da hukuncin kotu ba a fitar da mutum daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, lokacin sanyi, sai a wasu 'yan lamurra da doka ta ware.

Abin yi: kada ka biye masa da zafi, kada kuma ka daina biyan haya, domin bashin haya shi ne dalilin da ya fi saurin tashin mutum a kotu. In ya ƙi karɓa, ka tura ta banki ko ka ajiye kuɗin gefe da shaidar cewa ka miƙa ya ƙi. Ka nemi ya rubuto maka abin da yake so. Ka adana duk saƙon barazana. Ka nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a ko ƙungiyar 'yan haya tun ranar, kada ka jira sai kwana ukun sun cika. Takardunka masu muhimmanci da magungunanka da katin dabbar ka haɗa su wuri ɗaya da za ka iya ɗauka da sauri.

Bayan shekara guda sai ga shi da takardar yarjejeniya, a ciki an hana dabba. In sa hannu?

Kada ka sa a tsaye. Ka karɓa ka ce za ka karanta. Takarda a kanta alheri ce gare ka, domin tana iya ba ka wa'adi tabbatacce da kuɗin haya da ba zai tashi ba zato ba. Amma da zarar ka sa hannu, abin da ke cikinta ya shafe maganar baka da ta gabata, kuma irin waɗannan takardu sukan ƙunshi layin da ke cewa babu wata yarjejeniya sai wadda ke ciki. Idan ya ce "ka sa kawai, ai na san da kyanwarka, wannan rubutu ne na kowa da kowa", ka ce to a gyara rubutun. A soke layin, ko a ƙara a ƙasansa cewa an amince da dabba kaza guda ɗaya, ku biyu ku sa hannu a gefen gyaran, kowa ya riƙe kofi. Mai gidan da da gaske ya yarda, minti biyu wannan zai ɗauke shi.

Ɗaki nake haya a cikin gidan da mai gidan yake zaune, kicin ɗinmu ɗaya.

Kariyarka ta fi ta kowa ƙaranci. A Ontariyo dokar hayar gidaje ba ta shafi wanda ke haɗa kicin ko banɗaki da mai gida ba, a Ingila ma irin wannan mazauni ana iya sallamarsa da notis mai ma'ana ba tare da zuwa kotu ba. Gidan da mutum yake kwana a ciki, maganarsa a kan dabba ita ce a sama. Ka roƙa, in ya ƙi ka haƙura ko ka nemi wani wuri.

An sayar da gidan. Sabon mai gida ya ce bai san da wata yarjejeniya ba.

A mafi yawan dokoki, wanda ya sayi gida da ɗan haya a ciki ya gaji hayar yadda take, da haƙƙinta da nauyinta. Matsalar ita ce mutumin da ya yi maka alkawari ya tafi, sabon kuma bai ji da kunnensa ba. Da ka ji ƙishin-ƙishin za a sayar, ka je wurin tsohon mai gidan tun yana nan, ya rubuta maka layi uku: ranar da ka shiga, nawa kake biya, nawa ka ajiye, da cewa ya amince da dabbarka. Bayan ciniki ya faɗa, samunsa ma aiki ne.

Na duba duka, dole dai in tashi ko in rabu da ita. Ta ina zan fara?

Ka fara da neman lokaci. Mai gidan da ya ga ka karɓi maganarsa ba da faɗa ba yakan ƙara maka wata ɗaya ko biyu, kuma a rubuta ranar da kuka tsayar. Wajen neman sabon gida, ka faɗi maganar dabbar tun a kiran farko, kafin ka biya dillali ko ka ba da kuɗin kamu, ka tafi da katin rigakafinta da shaidar tsohon mai gida. A wannan karon a rubuta izinin a cikin yarjejeniya kafin ka karɓi makulli.

Idan gidan da ka samu ba zai ɗauke ta nan take ba, ka nemi ɗan'uwa ko aboki ya riƙe maka na ɗan lokaci, kai kana ɗaukar nauyin abinci da magani. In rabuwar ta zama dole, ka nemo mata wanda ka san zai kula da ita, ko ka tuntuɓi likitan dabbobi da ƙungiyoyin kula da dabbobi, su suka fi sanin masu nema. Ka miƙa ta da katinta da bayanin abin da take ci da halinta. Kada ka bar ta a kulle a gidan da ka tashi, kada kuma ka kai ta wata unguwa ka sake ta. Dabbar da ta saba da kwano ba ta iya neman abinci a titi, kuma a ƙasashe da yawa yasar da dabba laifi ne da ake cin mutum tara a kai.